Hular gola: ƙungiya ta biya kuɗin fenti, amma zanen na wa ne?

A ƙarshen shekarun 1960, ana cikin atisaye a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Boston Bruins, faifan roba ya daki mai tsaron gida Gerry Cheevers a fuska. Bai ji wani ciwon kirki ba, don yana sanye da farar garkuwar fuska, amma da yake mutum ne da ba ya ƙaunar atisaye, sai ya samu hujja ya sulale ɗakin canza kaya. Koci Harry Sinden ya bi sawunsa, ya tarar da shi garau, ya ce maza ya koma kan ƙanƙara. Kafin ya fita, mai kula da raunukan 'yan wasa, John Forristall, wanda ake wa laƙabi da Frosty, ya ɗauki baƙin alƙalami ya zana alamar ɗinki a daidai inda faifan ya sauka. Raha ce kawai, aka yi dariya aka watse. Amma daga ranar, duk inda faifai ya sake dukan garkuwar sai a ƙara mata ɗinki, har ta cika da tabon raunukan da fuskar mai ita ta tsallake. Yau babu wata garkuwa a tarihin hokin ƙanƙara da ta kai ta suna. Ana buga ta a riguna, ana ƙera kwafinta ana sayarwa, kuma kowa garkuwar Cheevers yake ce mata. Ka tambayi mutum goma cikin masu sayenta wa ya zana ɗinkin farko, da wuya ka samu biyu da za su ce Forristall.

Ban ce an cuci Forristall ba. A zamaninsa babu kasuwar da za a cuce shi a cikinta. Yanzu akwai ta, babba ce kuwa, kuma har yau ɗabi'ar ba ta sauya ba: sunan ɗan wasa ne a kan hula, sunan ƙungiya ne a kan kwali, mai zane kuwa sai ka kai ido kusa ka ga ɗan ƙaramin sa hannunsa a wani lungu.

Ga wanda bai saba da wasan ba, hokin ƙanƙara wasa ne na Kanada da arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi, kuma babbar gasarsa ita ce NHL mai ƙungiyoyi 32. Maimakon ƙwallo, faifan roba ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, ana daskarar da shi kafin wasa, kuma ƙaƙƙarfan ɗan wasa yana iya harba shi da gudun da ya haura kilomita 160 a sa'a. Abin mamaki, shekara da shekaru masu tsaron gida suna tarar wannan abu da fuska a buɗe. Sai ranar 1 ga Nuwamba, 1959, da harbin Andy Bathgate na New York Rangers ya yage fuskar Jacques Plante na Montreal Canadiens. Aka ɗinke shi, ya ce wa koci Toe Blake ba zai koma ba sai da garkuwar faiba da yake sawa a atisaye. Daga nan al'ada ta fara juyawa, har aka zo 1974, shekarar da Andy Brown na Pittsburgh ya zama na ƙarshe da ya tsare gida a NHL babu komai a fuskarsa.

Da fuska ta ɓuya, sai masu tsaron gida suka nemi wata fuskar. A shekarun 1970 wani ɗan Kanada mai suna Greg Harrison ya mayar da abin sana'a, yana ƙerawa yana kuma zanawa. Shi ya yi wa Gilles Gratton na Rangers fuskar zaki mai buɗe baki a 1976, wadda har yau ake ambato idan ana lissafa fitattu. Bayan da faifai ya lalata idon Gerry Desjardins a 1977, sanda kuma ta lalata na Bernie Parent a 1979, aka bar garkuwar da ke manne da fata aka koma hular kwano mai ragar ƙarfe a gaba, wadda Harrison da gola Dave Dryden suka taka rawa wajen fito da ita. Wannan hula ta ba mai zane fili sosai: goshi, haɓa, gefe biyu da ƙeya. Mikiyar Ed Belfour ta fito, kifin shak na Brian Hayward a San Jose ya fito, kowane gola da alamarsa. A wasan da kowa ke sanye da riga iri ɗaya, wando iri ɗaya, hular gola ce kaɗai wurin da aka bar wa mutum ya nuna ko shi wane ne.

Masu wannan aiki a yau ba su da yawa, kuma sanannu ne a cikin sana'ar. David Gunnarsson yana zaune a karkarar Suwidin, shi ya daɗe yana yi wa golan Rangers Henrik Lundqvist huluna, kuma kaso mai tsoka na hulunan NHL daga ɗakin aikinsa suke fitowa. Akwai Sylvie Marsolais a Kebek, wadda ta yi wa Andrei Vasilevskiy na Tampa Bay, akwai Jordon Bourgeault a Calgary, akwai Todd Miska a Minnesota. Aikin na kwanaki ne: a zauna da gola a ji abin da yake so, a yi zane a takarda ko a kwamfuta, a goge hula, a yi feshin fenti da ɗan ƙaramin bututun iska, launi bisa launi, sannan a rufe da mai ƙyalli wanda zai jure duka. Ƙungiya ce takan biya, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka auna da abin da ke yawo a wasan. Gasar NHL tana samun sama da dala biliyan 6 a kakar wasa. Mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a kakar 2024 zuwa 2025 dala 775,000 ne. A Disambar 2024 Igor Shesterkin na Rangers ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas kan dala miliyan 92. Bahaushe na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma a nan karin maganar ta ɗan karkace, don mai shan bugun ana biyansa har ya gode Allah. Wanda ya yi masa ado ne ake sallama da kuɗin fenti.

To, me aka saya da kuɗin fentin nan? A nan ne mutane da yawa suke kuskure, har da waɗanda ya kamata su sani. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta raba abu biyu a fili: mallakar kayan da zane ke kai daban, mallakar zanen daban. Ka sayi hoto ka rataya a ɗakinka, hoton naka ne, kana iya sayar da shi ko ka kyautar, amma ba ka da ikon buga kwafi dubu ka kai kasuwa. Wannan iko yana hannun wanda ya zana, kuma ba ya barin hannunsa sai da takardar da ya sa wa hannu. Mutum zai ce ai hayarsa aka yi, aikin na wanda ya biya ne. Kotun Ƙolin Amurka ta amsa wannan tun 1989, a shari'ar wani mai sassaƙa ɗan Baltimore, James Earl Reid, da wata ƙungiyar taimakon marasa matsuguni ta birnin Washington da ta sa shi aiki ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Kotu ta ce mutumin da ke aiki a shagonsa, da kayan aikinsa, ana biyansa a kan aiki guda, ba ma'aikacin wanda ya ba shi aikin ba ne, don haka aikin bai zama na mai biya kai tsaye ba. Ka cire sassaƙa ka sa feshin fenti, siffar mai zanen hula ke nan. Dokar Kanada ma a kan wannan turba take, har ta ƙara da ba mai zane haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin kada a wulaƙanta aikinsa. Da wannan haƙƙi na biyu ne Michael Snow ya tilasta wa wata babbar cibiyar kasuwanci ta Toronto cire jajayen ƙyallayen Kirsimeti da ta ɗaura a wuyan dinyoyin da ya sassaƙa, a 1982.

Saura hujjar cewa hula kayan aiki ce, kamar takalmi ko safar hannu, kuma doka ba ta kare siffar kayan amfani. Ita ma Kotun Ƙoli ta rufe bakinta a 2017, a rigimar kamfanonin Star Athletica da Varsity Brands kan ratsi da zane-zanen da ke jikin rigunan masu rawar ƙarfafa gwiwa a gefen fili. Hukuncin ya ce idan za ka iya ɗauke adon a zuciyarka daga jikin kayan, ka ɗora shi a kan allo ya tsaya da kansa a matsayin zane, to doka tana kare shi. In har ratsin riga ya samu wannan kariya, zakin Gratton ba ya bukatar lauya mai tsada.

A takarda ke nan mai zane yana da ƙarfi. A kotu kuwa, 'yan uwansa masu zanen jiki sun gwada sun sha ƙasa. Kamfanin Solid Oak Sketches, da ya sayi haƙƙin wasu zane-zanen da ke jikin LeBron James da wasu 'yan ƙwallon kwando biyu, ya kai kamfanin da ke yin wasan bidiyo na NBA 2K ƙara. A Maris 2020 mai shari'a Laura Taylor Swain ta kori ƙarar da hujja uku: zanen ƙanana ne a allo har ba a cika gane su ba, amfanin da aka yi da su bai wuce gona da iri ba, kuma duk wanda ya yi wa shahararren ɗan wasa zane a jiki ya san za a nuna jikin nan a duniya, don haka ya ba da izini ko da bai furta ba. A 2024 wata kotu a Ohio ta ba James Hayden, wanda ya yi wa LeBron zane da hannunsa, irin wannan amsa. Catherine Alexander, mai zanen jikin ɗan kokawa Randy Orton, ta yi nasara a 2022, aka ba ta dala 3,750, daga baya kotu ta soke ko wannan ɗin.

Ni dai na yarda da waɗannan hukunce-hukunce. Mutum ba zai nemi izinin wani ba kafin a ɗauki hoton hannunsa. Amma masu cewa hukuncin zanen jiki ya rufe maganar hular gola sun tsallake wani bambanci da ko yaro zai gani. Zanen jiki ba ya rabuwa da mai shi. Hula kuwa ana tuɓe ta, a ajiye a kanta, a ɗauke ta hoto ita kaɗai, a ƙera ƙanananta a zuba a kwali a sayar, babu ɗan wasan a ko'ina. Kuma ba yau aka fara ba. Tun farkon shekarun 1990 kamfanin Pinnacle ya riƙa saka katuna na musamman a cikin fakitinsa waɗanda babu komai a jikinsu sai hoton hula. A tsakiyar shekarun nan McDonald's na Kanada ya sayar da ƙananan hulunan roba, yara suka yi ta tarawa. Kamfanin In The Game ya yi shekaru yana fitar da jerin katunan masu tsaron gida zalla, kuma waɗanda aka fi rububi a cikinsu su ne na huluna. Ga mutum-mutumin 'yan wasa na ajiye a tebur, ga fosta, ga riguna, ga kwafi mai cikakken girma da ake kai wa ɗan wasa ya sa hannu. Wanda ya sayi katin da babu fuska, babu riga, babu raga a jikinsa, me ya saya in ba zane ba?

A nan nake ganin iyaka ta dace ta faɗa. Idan talabijin ya nuna wasa, ko jarida ta buga hoton gola yana kama faifai, ko aka yi katin da ke nuna shi cikin cikakken shirinsa, ɗan wasa ake sayarwa, hula ta biyo shi ne kawai. Mai zane ya san haka tun kafin ya buɗe gwangwanin fenti, kuma ba ya bin kowa ko sisi. Idan kuwa aka cire mutumin aka bar hular, ko aka sake ƙera ta, ko aka ɗauki zanen aka manna a wani kaya, to zane ake sayarwa, kuma mai shi yana da suna da rabo a ciki. Wasan bidiyo yana tsakiya, amma ya fi karkata ga na biyu, don wani ne zai zauna a kwamfuta ya kwaikwayi zanen layi bayan layi. Masu buga wasan hoki na kamfanin EA Sports sun daɗe suna ƙorafin cewa golan da suke ƙauna yakan fito da hular gama-gari mai launin ƙungiya maimakon tasa ta gaskiya. A ganina wannan shi ne sakamako mafi muni: mai saye bai samu abin da yake so ba, mai zane bai samu kuɗi ba, kamfani bai samu kayan da ya fi kyau ba. Kowa ya yi asara don ba a zauna an yanka farashi ba.

Akwai ƙalubale uku da ake jefo wa wannan ra'ayi, kuma biyu daga ciki suna da nauyi. Na farko, zanen hula ba kasafai yake zama na mai zane shi kaɗai ba. Tambarin ƙungiya yana kai, kuma na ƙungiya ne. Gola ne yakan zo da tunanin: sunan 'ya'yansa, hoton kakansa, ginin garinsu, dabbar da ake masa laƙabi da ita. Sau da yawa ma akan ɗora jaruman zanen barkwanci ko fuskar wani mawaƙi, waɗanda suke da nasu masu haƙƙin, kuma mai zane ba shi da ikon ba wa kowa lasisinsu. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta sa kamfanoni ke gudun abin, don hula guda na iya ɗauke da haƙƙin mutum huɗu. Amma yawan masu rabo dalili ne na a raba, ba dalilin a hana ɗaya daga ciki ba ne. Kuma doka ba ta kare tunani tsirara. Mutum dubu na iya cewa a zana masa zaki. Wane zaki, da wane ido, bakinsa a buɗe har ina, gashinsa ya bi ta kunne ko ta ƙeya, wannan hannun mai feshi ne. Wanda ya kai wa mai surfani shadda ya ce aska takwas yake so, bai zama shi ya yi ɗinkin ba.

Na biyu ya fi ƙarfi. Ana cewa hular gwarzon NHL talla ce da kuɗi ba sa saye. Mai zanen da aikinsa ya fito a wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, zai wayi gari da saƙonnin iyayen yara masu tsaron gida, da 'yan jami'a, da magidanta masu buga wasan dare don motsa jini, kowa yana son hannun da ya yi wa gwaninsa. Daga nan ne abincin yawancinsu yake fitowa, kuma ba na musun haka. Sai dai hujjar "ai mun tallata ka" tsohuwa ce, kuma 'yan wasan kansu aka fara karanta wa ita. Kafin 1968 kamfanin Topps yana ba ɗan wasan besbol dala 125 a shekara ya buga hotonsa a kati yadda ya ga dama, sauran ladan kuwa a ce alfahari ne yaro ya riƙe hotonka. Sai da Marvin Miller, shugaban ƙungiyar 'yan besbol, ya haɗa kan 'yan wasa suka ƙi sabunta yarjejeniya, sannan kuɗin ya koma dala 250 haɗe da kaso daga cinikin katunan. A hoki ma, yajin aikin farko a tarihin NHL, wanda aka fara ranar 1 ga Afrilu, 1992 aka yi kwana goma ana gab da wasannin neman kofi, ɗaya daga manyan abubuwan da suka hura shi shi ne kuɗin katuna da wa ke da ikon cinikin hoton ɗan wasa. 'Yan wasa ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu Bob Goodenow suka ci wannan yaƙi. Mutanen da suka ajiye sanduna don kada wani ya ci da fuskarsu kyauta, su ne ya kamata su fi kowa gane kukan wanda ya zana musu fuska ta biyu.

Na uku shi ne cewa abin bai kai a ɗaga murya a kansa ba, fenti ne a kan kayan kariya. Wannan ba ya tsayuwa, don hukumomin wasan da kansu sun nuna ba haka suka ɗauke shi ba. A gasar Olamfik ta Vancouver a 2010 an sa Ryan Miller na Amurka ya rufe wasu kalmomi a hularsa don sun yi kama da tallar wani kamfanin giya, aka sa Jonathan Quick ya cire saƙon goyon bayan sojoji. A Sochi a 2014 an sa Jessie Vetter ta cire kalmomin buɗe kundin tsarin mulkin Amurka. A Nuwambar 2023 Marc-André Fleury, yana Minnesota Wild, ya sa aka yi masa hula don daren girmama 'yan asalin Amurka, saboda matarsa tana da jininsu. Cole Redhorse Taylor, ɗan ƙabilar Dakota, ya tsara ta da furannin gargajiyarsu. NHL ta ce ba za a sa ba ko a ɗumin jiki, har da barazanar tara, Fleury ya sa abinsa ya fito. Aka yi gwanjon hular don sadaka, ta haura dala 35,000. Wato idan maganar iko ce, kowa ya san hula allo ce mai magana, har a kafa mata doka. Sai an zo rabon kuɗi take komawa kayan aiki. Kuma a lura, rigimar ce ta sa sunan Taylor ya shiga kowace jarida a makon nan. Da NHL ta yi shiru, da ƙila an ce hular Fleury an wuce.

Gwanjon nan ya kawo mu ga ainihin hular da aka buga wasa da ita, wadda masu tara kayan tarihi ke zuba wa kuɗi. A nan ba zan matsa da yawa ba. A Amurka wanda ya mallaki kaya yana sayar da abinsa ba tare da ya waiwayi mai zane ba. Jihar Kalifoniya ta taɓa yin dokar ba mai zane kashi 5 cikin 100 a 1976, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta kusan shafe ta baki ɗaya a 2018. Faransa tana da irin wannan haƙƙi tun 1920, Tarayyar Turai ta wajabta shi a 2001, Birtaniya ta fara aiki da shi a 2006, Ostireliya a 2010, har dokar Nijeriya ma ta tanade shi a rubuce. Masu zane na Kanada sun yi shekaru suna nema, suna kafa hujja da Kenojuak Ashevak, 'yar ƙabilar Inuit, wadda aka ba dala 24 kan hoton mujiyarta na 1960, aka sayar da kwafi guda a 2001 sama da dala 58,000 ba ta ga ko ƙwandala ba. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kanada ta bayyana niyyar saka wannan haƙƙi a doka. Ina goyon bayansa. Amma a faɗi gaskiya, wanda ya biya maƙudan kuɗi kan hular da aka ci kofi da ita, gumi da tabon faifai da daren nasara yake saye. Ka ba shi sabuwa fil mai zane iri ɗaya, ba zai biya ko kusa da haka ba. Rabon mai zane a nan ƙarami ne, kuma abin da ya fi cancanta shi ne sunansa a takardar gwanjo da kuma a allon bayani a gidan tarihin hoki na Toronto. Kuɗin gaske yana wurin kwafi.

Idan doka tana bayansu a kan kwafi, me ya hana su tashi? Lissafi ne. Mai zane mutum guda ne a shago, abokan cinikinsa na sama ƙungiyoyi 32 ne da 'yan kamfanonin ƙera huluna, kuma mai kula da kayan ƙungiya yana da lambar wasu masu feshin a wayarsa. Ka yi ƙarar gidan da ke ba ka aiki yau, gobe hula ta tafi wani shagon. Ga kuma masu buga zane a leda su naɗe hula da ita, cikin sauri da araha, suna jiran ƙofa. A Amurka ba ka shigar da ƙara sai ka yi wa aikin rajista, kuma diyyar da doka ta yanka, wadda kan kai dala 150,000 idan da gangan aka yi satar, sai wanda ya yi rajistar a kan lokaci. Mutumin da ke fitar da huluna da dama a wata, hannu duk fenti, yaushe zai zauna cike fom a kan kowace? An buɗe wata ƙaramar hukumar sauraron irin waɗannan koke-koke a 2022, mai araha, mai iyakar dala 30,000, amma wanda aka kai ƙara yana da damar cewa bai yarda a saurare shi a can ba, sai a koma babbar kotu mai cin kuɗi.

Shi ya sa ban ga amfanin a ce wa kowane mai zane ya je ya ƙwaci haƙƙinsa ba. Injin da ake bukata yana nan yana aiki tuntuni. Kamfanin Upper Deck, wanda ke riƙe da lasisin katunan NHL shi kaɗai tun 2014, yana biyan gasar kuɗin tambura, yana biyan ƙungiyar 'yan wasa kuɗin hotuna, ita kuma ta raba wa mambobinta. Babu wanda ke bin 'yan wasa ɗari bakwai ɗaya bayan ɗaya yana ciniki. Ƙara layi na uku ga mutanen da ba su wuce a tara su a ɗaki guda ba, ba aikin da zai gagari lauyoyin NHL ba ne. Takarda guda ce za ta bi kowace hula: mai zane ya yafe nunawa a wasa da labarai da hotunan wasa, ya riƙe haƙƙin zanensa, ya amince a yi kwafi a kan kaso sananne, a kuma rubuta sunansa a bayan kati da jikin kwali. Ƙungiyar da ke son ta mallaki zanen dungurungum ta faɗa a fili ta biya farashin mallaka, wanda ba ɗaya yake da farashin fenti ba. Golan da ke son jarumin zanen barkwanci a goshinsa ya san wannan hular ba za ta shiga kwali ba, ya zaɓa.

Masu zanen ba za su iya fara wannan magana ba, saboda dalilin da na faɗa. Masu tsaron gida ne za su iya, musamman manyansu, waɗanda babu mai kula da kaya da zai ce musu su canza shago. Fleury ya nuna gola zai iya yin kunnen uwar shegu da barazanar tara saboda hula guda. Wakilan da ke tsara musu kwantiragin miliyoyi suna zama da kamfanonin kati da na wasan bidiyo kowace shekara, kuma ƙungiyar 'yan wasa tana da wakili a kowane ɗakin canza kaya. Gola biyar ko shida daga cikin masu suna su ce ba za a ƙera kwafin hularsu ba sai da takardar mai zane, sun isa su sa a buɗe fayil ɗin.